Mutumin da Na Ƙaga Ya Ƙi Bin Tsarina

Malama mai wannan fili, ina gaisuwa. Ki taimaki tsoho da shawara, don abin da ya same ni na rasa wanda zan gaya wa ya fahimta.

Na haura shekara tamanin. Aikin safiyo na yi har na yi ritaya, wato awon filaye da kafa turakun iyaka. Matata ta rasu, abokaina sun ƙare ɗaya bayan ɗaya, ƙafafuna kuma ba sa kai ni nesa da ƙofa. Ciki da falo nake zaune, tagata tana kallon titi. Bara, don in rage wa yini tsawo, na ɗauki biro na ce bari in ƙaga labari. Rabona da insha'i tun zamanin da ake bugun yatsu in rubutu ya karkace, bayan nan sai rahoton aiki kawai.

Na yi abin da na iya. Na shimfiɗa babbar takarda na zana labarin kamar fili: ga mafari, ga kusurwa, ga iyaka. Na ƙago wani mai gyaran laima a bakin kasuwa, na sa masa suna Mai Laima. A tsarina marowaci ne mara tausayi, kuma a babi na huɗu zai gudu ya bar ƙanensa kwance a asibiti.

Malama, da muka iso wurin, mutumin nan ya ƙi tafiya. Na kai shi har bakin ƙofa, sai na ga hannuna ya rubuta wai ya juyo, ya zauna a gefen gado, ya ɗauki tsinkakken takalmin ƙanen yana ɗinkewa, yana yi masa tsiya cewa ko ciwon nan ma na aro ne, tunda bai taɓa mallakar komai nasa ba. Na ajiye biro ina kallon takardar. Ni ba mai barkwanci ba ne. Marigayiya takan ce ko jariri ya gan ni sai ya gyara zama. To daga ina wannan magana ta fito? Daga baya na gano yana tsoron karnuka, yana jin haushi in gari ya washe babu alamar hadari, kuma in zai yi ƙarya sai ya fara sosa kunne. Ko ɗaya ban sa masa ba. Kamar dama can yana nan, ni ne ban san shi ba. Ikon Allah ke nan, mutumin da aka yi da tawada ya fi ni sanin inda ya dosa.

Ga damuwar. 'Yata ta zo ta same ni ina dariya ni kaɗai, ina ce wa takarda ai ba haka muka yi da kai ba. A makon kuma na zame a banɗaki, na daɗe kafin in iya tashi. Ta tsaya da ledar magunguna a hannu ta ce, "Baba, hankalina ba zai kwanta ba kana nan kai kaɗai kana hira da bango." Ta gyara mini ɗaki a gidanta, ƙarshen wata za ta zo da mota, daga nan kuma sai wurin likitan ƙwaƙwalwa.

Gidanta cike yake da jikoki, talabijin ba ya hutawa. A shirun ɗakin nan Mai Laima ya zo mini, ina tsoron in na tashi ba zai biyo ni ba, in rasa abokin da ya rage mini, ban ma ji yadda za su ƙare da ƙanensa ba. Wani lokaci kuma sai in ce ko gaskiyarta ce, ruɗin tsufa ne ya kama ni. Haka yake faruwa da masu rubutu? In ƙi tafiyar?

Tsohon Safiyo

Amsa

Baba, barka da wannan baƙo. Akwai waɗanda suka shekara da shekaru suna rubutu ba su taɓa samun mutumin da ya yi musu gardama ba. Na karanta zancen takalmin nan sau biyu, kuma ni ma ina son jin ƙarshensa.

Wanda ya ruɗe ba ya sanin cewa shi ya ƙago abokin hirarsa. Kai ka sani, har babin ka ambata. Amma ni ba likita ba ce, don haka ka je ka ga likitan. In lafiya lau ce kun huta ku biyu, in akwai wani abu gara a tare shi da wuri.

Ka duba kuma ta ɓangaren 'yarka. Dariyar kawai ta ji, ba ta san da wa ake yin ta ba, faɗuwar banɗaki kuwa gaskiya ce, ba ƙagaggiya ba. A wannan tana da hujja, kuma ba na ba ka shawarar ka ƙi ta. Kafin ranar motar, ka zaunar da ita ka karanta mata babi na huɗu da bakinka. Sannan ka faɗi sharaɗinka a fili: tebur kusa da taga, ƙofar da ake rufewa, da hantsin da babu mai shigo maka.

Batun ko Mai Laima zai biyo ka, ba daga bangon ɗakin ya fito ba. Shekarun da ka yi kana tsaye a gonaki da kasuwanni kana sauraron mutane, bakinka a rufe, su ne suka taru suka yi baki. Wannan ba ya zama a ɗaki in an kwashe kaya. In ya yi shiru kwanakin farko, kada ka matsa masa. Shi ma ka sa shi ya tashi daga rumfarsa zuwa gidan da ke da yara da hayaniya, ka ga yadda zai yi. Ina zaton zai yi ƙorafin da kai kunya ba za ta bar ka ka yi ba.

Ka shirya kayanka, Baba. Allah ya ƙara lafiya, ya ƙarfafa ƙafa da hannu, ya yi wa 'yarka albarka, ya kuma nuna maka ranar da jikoki za su zagaye ka suna rigimar sai ka gaya musu ko ƙanen ya warke.