Magaryar da Ba Ta da Kafili

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Ni Isha'aku ɗan Ousmane, mutumin Damagaram, mai aikin lambu a gidajen Abhur da ke Jidda shekara talatin da ɗaya, ina rubuta wannan ga 'ya'yana Mus'ab da Latifatu da Razan, da hankalina cikakke. Ƙafafu sun kumbura, numfashi ya gajarta, amma kai garau yake. Na nanata haka ne saboda Mus'ab, wanda ya yanke mini hukuncin ruɗin tsufa tun ranar da na je nema wa bishiya takarda.

1. Abin da na bari bai kai a kira alƙali ba. Ku raba shi yadda shari'a ta ce. Almakashin sassabe da tiyon ban ruwa a ba Youssouf abokin aikina, don a hannunku tsatsa za su yi.

2. Magaryar da ke cikin bokitin fenti a saman gidan nan na unguwar Sa'alaba ba kayan gado ba ce. Amana ce.

Uwata Fatouma ta zo hajji da busasshiyar magarya a guzurinta, ta tofar da ƙwallo a tsakar gidanmu na unguwar Karantina, ya tsiro. A inuwarsa aka raɗa muku suna, ku duka. Ƙudan zuma ya san bishiyar nan, tsuntsaye sun san ta. Da aka shafa wa katangarmu jan fenti cewa za a rushe unguwa, kowa ya ɗaure kayansa. Ita ba ta da ƙafar tafiya.

A kwanakin ne Razan ta karanta mini a waya cewa a wata ƙasa mai nisa an ba wani kogi haƙƙi kamar mutum, har da masu tsaya masa a kotu. Ni abin da na fahimta shi ne kogi ya samu iƙama, wato takardar zama a ƙasa, da kafili mai tsaya masa. Na sa rigar Juma'a, na tafi wani ofis, na ce na zo zama kafilin magarya. Ma'aikacin bai yi dariya ba, kuma da ma ya yi, da ya fi mini sauƙi. Ya karɓi iƙamata, ya duba, ya nuna mini cewa ni kaina a ƙarƙashin wani nake. Wanda aka goya ba ya goyo. Halas, zance ya ƙare. Ranar rusau, katafila ta tuge magaryar kafin shayin direban ya huce. Na yi kuka a gaban mutane, ban ji kunya ba. Ɗan tsiron da na tono a gindinta shi ne na cikin bokitin.

3. Mus'ab da Latifatu, shekara uku ke nan ba kwa gaisawa. Kai ka ajiye bokitin a bakin shara ranar tashi, ke kika ɗauko shi, kika kira yayanki marar asali. Ki nemi gafararsa. Kalmar ta yi muni, kuma a Jidda aka haife ku duka biyu. Kai kuma, cewa da ka yi wahalar banza ce, wataƙila gaskiyarka. Amma ba kowace gaskiya ake jefa wa uba a fuska ba.

4. Razan, ke ce kafilinta, ko da yake ba ofishin da zai buga miki hatimi. Kada ki ba ta ruwan famfo. Ki tara wanda ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki, ki zuba da safe.

Ba zan yaudare ki ba, 'yata. Saiwarta ta fasa bokitin, kuma bishiya ba ta rayuwa a bokiti. Na shekara talatin da ɗaya ina shayar da ciyawar mutane, amma ko taku ɗaya na ƙasar nan ban mallaka ba. Na roƙi maigidana ɗan lungu a lambunsa, ya ce ƙaya gare ta. Jirgi ba zai ɗauke ta zuwa Damagaram ba. Za ta mutu. Roƙona kawai kada ta mutu ba mai tsaya mata.

Allah Ya yi muku albarka, Ya rufa muku asiri, Ya ba ku 'ya'ya masu jin ƙanku. Ku riƙa cin abincin Juma'a a faranti ɗaya, ko da rai a ɓace ne. Na yafe muku, ku yafe mini.

Mus'ab, na san halinka. In an zo wankan gawata, nadama za ta kai ka saman gida ka tsinko ganyenta, tunda da ganyen magarya ake wanke mamaci. Kada ka taɓa ta. Jiya Razan ta ƙirga mini, ganye ashirin da shida suka rage. Ka je kanti ka sayo na leda.