Raƙuminka da Rijiyar Gangara

Yaya, saura kaɗan in fasa rubuta wannan don kunya.

Mushe, malamin makarantar boko, ya ce kowane yaro ya kawo labarin ƙarya mai ban dariya. Ɗiyarka Rukaiya ta yi ta kuka ba ta da shi, sai na ce mata raƙuminka ya shanye rijiyar Gangara har da guga. Jiya ta faɗa a lakwal, makarantarsu, da sunanka, mushe ya rubuta a allo yara suna kwafa. In an tsokane ka wurin shayar da raƙuma, don Allah kada ka doke ta, bakina ne.

Da safen nan zan tafi roƙon mushe ya goge sunanka. Ban taɓa yi masa magana ba, Rukaiya ce za ta riƙe mini hannu.

Mu'minat