Mai Lamba Tara Ɗan Ƙonni Ne

Zuwa ga Shugaban buro mai kula da gasar ƙwallon kwando ta ƙasa, a Yamai.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aiki, ina neman izinin yin magana a bainar jama'a. Sunana Ada, direban kamyon ne ni, babbar motar ɗaukar siminti, a Malbaza, asalina Birnin Ƙonni. Bokon nan da furfura a gemuna na koye shi, a ajin yaƙi da jahilci. In ka ga layi ya karkace ka yi haƙuri, maganar da ke cikinsa a miƙe take.

Na farko, godiya ce, kuma har zuciya. Ranar da Mushe Habu, kamar yadda muke kiran malamin lakwal, wato makarantar boko, ya kafa ƙarafa biyu a Malbaza ya rataya musu raga, ina cikin waɗanda suka yi masa dariya. Cewa na yi wannan wane irin aiki ne, ƙarti su wuni suna zuba abu cikin kwandon da ba shi da gindi. Gasar da kuka shirya bana ta rufe mini baki. Mun ga 'yan Damagaram, dogaye, ba sa gaggawa. Mun ga 'yan Maraɗi, gajeru masu zafin nama, kafin ka kifta ido ƙwallo ta bi hannu huɗu. Alƙalan da kuka turo ba su san sani ko sabo ba. Akwai ranar da ɗayansu ya busa wa 'yan wasanmu usur a cikin garinmu, jama'a suka yi ta guna-guni, da aka watse kowa ya yarda gaskiya ya yi. Bayan shekarun farin nan da suka wuce a kanmu, ban zaci zan sake ganin tsofaffin Malbaza suna tafi har hula na faɗuwa ba. Ku kuka kawo mana wannan, Allah ya saka muku.

Na biyu, maganar mai lamba tara a ƙungiyar ƙasar Ƙonni. Yaron gidana ne, kuma shi ne na fari. Ka san al'adarmu, ranka ya daɗe: uba ba ya kama sunan ɗan fari, ba ya yabonsa, ba ya zama inda ake zancensa. Saboda haka ban taɓa shiga filin wasa ba. Abin da nake yi, in akwai wasa sai in ajiye kamyon a bayan katanga, in hau saman kaya ina gyara igiyar tampol. Igiyar nan ta sha gyara bana, har abokan aikina suna tambayata ko in saya mata sabuwa.

Daga can sama na ga wasansu da Maraɗi. Ni ban ce ya iya ba, mutane ne suka ce. Amma ina da ido. Na ga sun tare shi su biyu, ya yi kamar zai jefa, ya miƙa wa abokinsa ta ƙarƙashin hammata ba tare da ya dube shi ba. Na ga ya ture wani ɗan Maraɗi bisa kuskure, ya tsaya ya ɗaga shi, alhali ƙwallo na gaba. Wannan ya fi mini jifar da aka yi ta shewa a kanta. Wasan ƙarshe da suka yi a Yamai kuwa a rediyo na ji shi, a tashar Ƙonni. Duk lokacin da mai ba da labari ya ambace shi sai direbobi su juyo su dube ni, ni kuma in sunkuya ina duba taya. 'Yan Yamai sun ci mu, kuma sun cancanta. Ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Na uku, ga kukana. Bayan gasa kun zaɓe shi cikin waɗanda za a horar don ƙungiyar ƙasa. Garin nan kaf aka raka shi tasha, ni ma na wuce ta wajen kamar hanya ce ta biyo da ni. Ba a jima ba sai ga shi ya dawo da jakarsa. Wani ma'aikacin buronku ya tambaye shi inda aka haife shi, ya faɗi gaskiya, cewa a wani ƙauye ne hayin iyaka, ta wajen Najeriya. Nan take aka ce masa rigar ƙasa ba ta baƙo ba ce, ya koma gida, kuma baɗi ma sai an duba ko zai shiga gasa.

Ranka ya daɗe, wanda ya yanke wannan hukunci bai san ƙasarmu ba, kuma ban ga laifinsa sosai ba, sai dai da ya tambaya. A nan, mace in ta ɗauki cikin fari gidan iyayenta take tafiya ta haihu. Ba a neman shawarar miji, ba a neman ta jandarma. Iyayen maiɗakina gonarsu tana hayin iyaka, tafiyar hantsi a kan jaki. Can ta je ta haihu, ta yi wankan jego, ta dawo ɗakinta da jariri a baya. Ragon sunansa daga kasuwar Ƙonni aka kora shi. A Ƙonni ya yi rarrafe, a Ƙonni ya shiga lakwal, a gonar kakansa ta nan ya koyi riƙe hauya. Ƙannensa duka a ɗakina aka haife su, ba wanda ya taɓa ce musu baƙi. Uwa ɗaya, uba ɗaya, tukunya ɗaya, a ce babban ne kaɗai baƙo? In wannan doka ta tsaya, to ku shirya korar 'ya'yan fari da yawa a garuruwan bakin iyaka, don haka aka haifi mafi yawansu. Mushe Habu da ya koya masa wasan ma ya gaya mini shi ma haka aka haife shi.

Na huɗu, abin da ya hana ni barci. Tun da ya dawo bai taka fili ba. Takalman wasansa suna rataye a jikin danga, rana na cinsu. Wasu mutane daga Sakkwato da suka ji labarinsa sun riga sun zo nemansa. Ba ya iya faɗa mini, ni ma ba na iya tambayarsa, amma na ji shi ta bayan zana yana ce wa uwarsa: "Inna, tunda sun ce ni ɗan can na, in an gama girbi can za ni tahi." Ita ma kunyarsa take ji. Sai da ya fita ta zauna tana kuka. Ina jin tsoro, ranka ya daɗe. Yaran da suka ƙetara da fushi ba kasafai suke dawowa ba, kuma gero ya riga ya fara nuna.

Roƙona kaɗan ne. Ku turo mutum ya zo Ƙonni ya tambayi mai unguwa, da liman, da unguwarzoma, da duk wanda ya ga dama. Ku maido yaron cikin 'yan uwansa kafin a gama girbi. Sannan ku sanar da ma'aikatanku wannan al'ada, don kada wani uba ya sake shiga halin da nake ciki. Gasar da kuka gina ta yi kyau ƙwarai, bai kamata ta rasa irinsa a kan abin da tambaya ɗaya za ta warware ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa gasar baɗi ta fi ta bana, ya kiyaye matafiyanta a hanya.

Saura abu guda. Mushe Habu ya karanta takardar nan ya ce buro ba ya aiki da lamba tara, sai da suna. Tun ranar da aka yanka masa rago ban taɓa furta sunan yaron nan ba, ko a gaban uwarsa. Na san gobe za a karanta wannan a tasha, direbobi su samu abin tsokanata har in mutu. Na yarda. Sunansa Issufu. Issufu ɗan Ada, ɗan Ƙonni, ɗan Nijar, kuma ɗana ne.

Wassalam.

Ada Direba,
Malbaza.