Ranar da Na Sa wa Layin Ƙonni Takunkumi

Daren Talata, Illela

Alhamdu lillahi, yau zan yi barci.

Kwana huɗu ke nan layinmu na intanet da ya biyo ta Ƙonni yana kawowa yana ɗaukewa. Duk sanda ya ƙifta sai rauta, na'urar da ke zaɓa wa intanet hanya, ta koma layin Sakkwato, ta sake dawowa, intanet ɗin kowa ya tsinke. Da safe Malama Hassi ta asibitin Amarawa ta kira ni. Tana nuna wa likita a Sakkwato wata mai naƙuda ta bidiyo, sau uku kiran yana yankewa.

Na roƙi Alhaji mai kamfani ya bar ni in sa damfin.

"Mi ke nan kuma?"

Na ce rauta za ta riƙa ƙirga wa layi laifi duk sanda ya yi rawa, in ya yi yawa ta ajiye shi gefe har ya natsu.

"In kinka rufe muna Ƙonni gaba ɗaya fa?"

Tsorona ke nan ni ma. Shi ya sa ban tsananta iyakar laifin ba, na kuma rage lokacin jira. Da ya amince, na danna, damfin ya fara aiki.

Kafin azahar Ƙonni ya sake rawarsa, rauta ta dakatar da shi, kowa ya zauna kan Sakkwato daram. Hassi ta gama da likita, matar ta sauka lafiya.

Gobe sai na tsallaka Ƙonni gyaran eriyar layin. Da zan tashi, Alhaji ya miƙo mini makullin motarsa.

"Kar ki hau kabu-kabu, Injiniya."

Bai taɓa kirana haka ba.