Likkafanin da Inna Ta Kaɗa

Zuwa ga Yaya Umaru,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina haƙurinmu? Yaya Rabi da yara, yaya zaman Ikko? Mu nan Jega sai godiyar Allah.

Saƙon rasuwar ƙanwarmu Hajo ya iske ka, amma akwai abin da ban faɗa maka ba. Ka tuna farin saƙin da Inna ta ajiye ƙasan adaka don likkafaninta? Shekara uku tana kaɗa zarensa, tun ba a raba jiharmu da Sakkwato ba. Da muka isa gidan Hajo a Aliero, mijinta ya aika kasuwa a yanko alawayyo. Sai Inna ta kwance ƙunshinta ta ce, "Ɗiyata ba ta shiga ƙasa da tufan kanti ina raye." A cikinsa aka rufe Hajo.

Yanzu ta sake ɗaukar mazari. Ido ya yi rauni, zare sai tsinkewa yake yi. Matan unguwa sun zo da mazaransu su kama mata, ta yarda su gurza auduga kawai. Kada ka aiko da yadi, wallahi ba za ta karɓa ba.

Ta ce ka roƙa mata Allah Ya ba ta kwanan gamawa. Ka roƙa, Yaya. Ni dai kullum na ga zaren ya tsinke, hamdala nake yi a zuci.

Ka gaida Rabi da yara.

Ƙanwarka,
Asabe