Tsaga Biyar a Saman Ƙofarmu

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ki gafarce ni da na dame ki, na san hidima ta yi miki yawa, amma maganar ta fi ƙarfin waya. Ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar taki? Inna tana gaishe ki. Idon nata dai ya tafi gaba ɗaya, amma a gidan nan ba ta neman mai ja mata gora. Da tafin hannu take bin bango daga ɗakinta har bakin ƙofa, ko tuntuɓe ba ta yi.

Za a faɗaɗa titin bayanmu. Ƙananan gidajen nan bakwai na layinmu suna cikin waɗanda za a rushe, sai fa idan ofishin adana kayan tarihi ya sa su a rajista, to titin zai kauce musu. Ina zan kai Inna ta koyi sabon bango a shekarunta?

Shekaranjiya ma'aikaciyarsu ta zo da tef da 'yar tocila. Inna ta raɗa mata Mai Awo. Ta auna kaurin bango, ta leƙa ƙarƙashin rufi, ta tambayi abin da ya sa tagoginmu suke ƙanana haka. Ni da aka haifa a nan ban taɓa tambaya ba. Da ta zo ƙofar gida sai ta daɗe a tsaye. Ta ce babu ƙusa ko ɗaya a jikinta, da 'yan turakun katako aka haɗa ta, ga zanen ganyen nan na sama. Wai ƙofar sa'ar gidan ce, ta haura shekara ɗari, ita ce babbar hujjarmu. Ta bar mini takarda in sa hannu cewa ƙofar ta asali ce.

Yaya, ban sa ba. Ina tuna Baba a tsakar gida yana goge katako, kina danne masa gefe, ni ina wasa da ɓawon. Wannan ƙofar ce ko wata? Kin girme ni da shekara takwas, za ki fi ni tunawa.

Ƙanwarki,
Auta

*

Yayata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Amsarki ta iso, na gode. Inna ta ce ki rage tsayuwa a kan ƙafar nan.

Kin ce Baba ne ya yi ta, kuma in sa hannu in ja bakina, wa zai tono. Na san don Inna kika faɗa. Sau biyu ina ɗaukar biro. Amma takardar da "na shaida" ta fara, kuma kin san abin da aka karantar da mu a kan shaidar zur. Hannuna ya ƙi.

Sai na je wurin tsohon Kafinta, abokin aikin Baba. Ya yi ta dariya har da tari. Ya ce, "'Yar nan, ai duk layinku babu ƙofar asali." Wai idan ƙofa ta ruɓe, kwantar da ita suke yi a ƙasa, su jera sabon katako a gefenta, su kwaikwayi zanen ganye bayan ganye, har da kuskuren da suka tarar. Kin lura da ganye na uku daga hagu, mai karkataccen baki? Ya ce ya taɓa ce wa Baba ya gyara shi, Baba ya ce, "Ba ni na karkata shi ba, ba ni zan miƙe shi ba." Tun ranar nake tsayawa ina kallonsa. Wane ne hannunsa ya fara gocewa? Magana aka yi masa ya waiga?

Damuwar ita ce sauran gidaje shida duk sun sa hannu. Idan na buɗe baki, takardunsu ma sun shiga ruwa. Matar tela, maƙwabciyarmu, ta tare ni a bakin famfo ta ce, "Malama, a dai yi a hankali, kada tsoron Allahnki ya baje mana kaya a titi." Na ɗauki bokitina na wuce. Ki sa ni a addu'a.

Taki,
Auta

*

Yayata abar ƙauna,

Assalamu alaikum. Ina fata kowa lafiya. Mu ma alhamdulillahi.

Jiya na faɗa wa Mai Awo gaskiya. Ta rufe fayil ɗinta a hankali. Ta ce rufin an riga an mayar da shi kwano, idan ƙofar ma sabuwa ce, abin da ya rage mata kaɗan ne.

Inna tana kan kujerarta tana ji. Sai ta ce, "Ke Mai Awo, da ido kike karanta ƙofa? Miƙa hannu ta ciki, ki shafa gungumen da ke samanta." Ta shafa ta ce sumul yake. Inna ta ce ƙarya ne, a sake. A nan na tuna. Shekara uku da suka wuce na ga wasu ramuka a wurin, na ɗauka gara ce, na cike su da garin katako da gam, na bi da fenti. Inna ba ta sani ba, don tun da bayanta ya ranƙwafa hannunta ba ya kaiwa. Da na faɗa, ta ce, "Auta, tsaftarki ta kusa cinye mana kakanni."

Da wuƙar yanka albasa muka kankare. Tsaga biyar ce a jere, kowacce da irin hannunta, wata siririya, wata kamar an yi ta da fushi. Inna ta ce duk kafintan da ya sabunta ƙofar sai ya yi tsaga ɗaya a gungumen, shi kuwa gungumen ba a taɓa canja shi ba. Ta ƙarshe ta Baba ce. Ta kusa da ita ta maigidansa ce, wanda ya koya masa sana'a. Sauran ukun ba wanda ya san masu su. Mai Awo ta zauna a kan dakali tana lissafi da yatsu, ta ce idan kowace ƙofa ta yi shekara arba'in, gidan ya girmi abin da ta rubuta nesa ba kusa ba. Ta bi maƙwabta tana shafawa: wani gidan huɗu, wani shida. Matar tela har yanzu ba ta amsa gaisuwata, amma na ga ta hau kan turmi tana ƙirga tasu.

Ba alkawari aka yi mana ba, Yaya. Sai an sake rubuta takardun duka, kuma kwamitinsu zai zauna ranar Alhamis. Suna son shaidu biyu da suka ga Baba ya yi ƙofar ya kuma yi tsagar. Inna ta dangwala yatsa. Ni ƙuruciyata ta yi yawa a lokacin, ban yarda da tunanina ba. Saura ke.

Kada ki ƙara komai, kada ki rage. Abin da idonki ya gani kawai, ki sa hannu a ƙasa. Don Allah ki daure ki aiko da amsa kafin Laraba.

Ki gaishe da kowa.

Ƙanwarki,
Auta