Furen Bariki da Ɗorawar Gida

Daga ƙaninki Ilyasu a Zangon Sokode, zuwa ga Yaya Habiba a Dapango.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jikinki, yaya Malam da yara? Mu nan lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Bayan haka, kin tuna furen nan mai ƙamshi da kika samo a lambun barikin Jamusawa kika dasa a kurmin ɗorawarmu? Ya hau bishiyoyin ya lulluɓe su, har bara ba mu samu kalwar kirki ba. Da damina muka sassare shi. Kawu Sule ya ce asara ce a zubar da igiya mai kyau haka, sai muka ɗaure shinge da ita. Ashe duk inda ta taɓa ƙasa sai ta yi saiwa. Shingen kansa ya tsiro.

Da rani muka tone saiwoyin muka ƙone. Mahautan unguwa kuma suka riƙa ɗaure awakinsu a can, duk tohon da ya leƙo su cinye. Alhamdulillahi, bana ɗorawa ta yi 'ya'ya sosai, Inna ta koma dafa daddawarta.

Saƙonki na neman reshen furen ki dasa a can ya iso. Inna ta ce, "A kai mata daddawa, ta shaƙi wannan." Ga ta nan a hannun fatake.

Ki gaida Malam da maƙwabta, ku sa mu a addu'a. Reshe kuwa, Inna ta rantse ba zai ƙetare kogin Oti da ke tsakaninmu ba.

Wassalam.